Ƙarfi da Alkawari: Abin da Tarihin Damagaram Ke Koya Mana Game da Manyan Ƙasashe

Ranar 5 ga watan Mayu 1898 aka kashe wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Cazemajou, shi da tafintansa, a birnin Damagaram. Ya taso daga wajen kogin Kwara ya nufi tafkin Cadi, inda Rabe ya kafa mulki bayan ya ci Barno a 1893, fadar Sarki Amadu Kuren Daga kuwa ta ji tsoron kada baƙon ya ƙarasa ya ƙulla ƙawance da Rabe a sa Damagaram a tsakiya. A lissafin fada, an ɗinke ɓaraka tun ba ta yi faɗi ba. Kwana arba'in cif bayan haka, ranar 14 ga watan Yuni, wakilan Faransa da na Ingila suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Paris. Sun kafa tsinin ma'auni a kan Sakkwato a jikin taswira, suka zana baka mai nisan mil ɗari daga birnin, suka ja layi daga can har Cadi, Damagaram ta faɗa rabon Faransa. Babu ɗan Damagaram ko ɗaya a wurin, babu wanda ya nemi jin bakin Sarki. Wanda ya ajiye waɗannan ranaku biyu gefe da gefe zai ci karo da tsohuwar tambayar da masana hulɗar ƙasashe suke ta jayayya a kanta: shin ƙarfi ne kaɗai ke tafiyar da duniya, ko kuwa doka da alkawari suna da wani nauyi a tsakanin ƙasashe?

Mazhaba biyu ne suka fi shahara wajen amsa wannan tambaya. Ta farko, wadda ake kira riyalizim, mu ce da ita mazhabar zahiri, tana cewa babu sarkin da ke bisa ƙasashe, babu alƙalin da zai tilasta musu bin hukunci, saboda haka kowace ƙasa kanta take kallo, kuma tsoro da maslaha ne ke jan akalarta. Tushen wannan ra'ayi ya kai ga Tusididis, masanin tarihin Girka, wanda ya ba da labarin yadda mutanen Atina suka murƙushe ƙaramin tsibirin Melos a shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan sun gaya wa mutanensa cewa zancen gaskiya da adalci sai tsakanin waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya. Thomas Hobbes ya ƙarfafa shi a 1651, Hans Morgenthau ya mayar da shi darasin jami'a a 1948, su Kenneth Waltz da John Mearsheimer suka ɗora. Ta biyu, libaralizim, mu ce da ita mazhabar yarjejeniya, tana cewa ciniki da doka da ƙungiyoyin haɗin gwiwa da mulkin da jama'a ke iya tuhuma suna rage yaƙi, har su mayar da abokan gaba abokan hulɗa. Immanuel Kant ya shimfiɗa ta a 1795, shugaban Amurka Woodrow Wilson ya kai ta fagen siyasa a 1918, kuma a kanta aka gina Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, mazhabar zahiri ta faɗi gaskiya game da halin manya, amma ƙaramar ƙasar da ta ɗauke ta a matsayin tafarkin rayuwa ta haƙa wa kanta rami. Mai ƙarfi yana iya rayuwa babu doka, marar ƙarfi ba ya iyawa, kuma doka ba ta tsaya wa marar ƙarfi sai ya haɗa kai da maƙwabcinsa ya kuma yi adalci a cikin gidansa.

Adalci ne a fara da cewa siyasar ƙarfi ba Bature ne ya kawo mana ita ba. Damagaram ta taso a ƙarni na 18 tana ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa. A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda mulkinsa mai tsawo ya kama daga 1851 zuwa 1884, ta zama daula mai ji da kanta. Ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya tara bindigogi dubbai ta hanyar ayarin Tarabulus da ke ratsowa ta Agadas, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin gida. A ƙarni na 19 sarautun Mirriya da Wacha da Dungas da Muniyo suka shiga ƙarƙashin ikon Damagaram, kuma gwargwadon raunin Kukawa, fadar Barno, gwargwadon yadda biyayyar Damagaram ke sassautawa. Unguwar Zango ta cika da Larabawa da Buzaye da fatake, ana cinikin fatu da gashin jimina da gishiri da tufafi, ana kuma cinikin bayin da aka kamo a hare-hare, abin da bai kamata a ɓoye shi don kare martabar tarihi ba. Da Morgenthau ya ga Tanimu da ya yaba masa, domin ya aikata duk abin da mazhabar zahiri ta ce: ya tara makamai, ya auna maƙwabta, ya yi biyayya lokacin da ta zama dole, ya janye ta lokacin da ya ga hanya. To amma shekara goma sha biyar kacal bayan rasuwarsa, a ƙarshen watan Yuli 1899, rundunar da ya gina ta watse a Tirmini cikin wuni guda. A watan Satumba aka kashe Amadu Kuren Daga a Rumji, Faransawa suka ɗora ɗan'uwansa Amadu ɗan Bassa a kan gado.

Mai bin mazhabar zahiri zai ce wannan ai hujjarsa ce: igwar Tanimu ta gamu da bindigar da ta fi ta, babban kifi ya haɗiye ƙarami. Akwai gaskiya a ciki, amma labarin bai ƙare nan ba. A dubi abin da sarakunanmu suke yi a shekarun da Turawa ke raba ƙasar. A ƙarshen shekarun 1890 Damagaram da Kano suna yaƙi da juna, dakarun Kuren Daga sun kutsa ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Kano kanta ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba. Maradi da Gobir suna cikin tsohuwar gabarsu da Katsina da Sakkwato, Rabe yana Dikwa kowa na tsoronsa. Kowane ɗayansu yana bin lissafin zahiri daidai wa daida, yana kallon maƙwabcinsa a matsayin barazana mafi kusa, kuma a ma'aunin wannan lissafi babu wanda ya yi kuskure. Sakamakon ya zama an bi su ɗaya bayan ɗaya: Damagaram a 1899, Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Burmi a Yuli. Ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine da ya ƙone Birnin Ƙonni, ya fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, Turawan cikinsa ba su kai goma sha biyu ba, sauran duk sojoji ne da 'yan dako baƙaƙen fata da aka ɗebo daga yamma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da ya tsaga bangon shi ne yadda kowane sarki ya tsare kansa shi kaɗai.

Yanzu a dubi yadda manyan biyu suka yi da junansu. A 1898 Ingila da Faransa sun kusa gwabzawa har sau biyu, a Bargu da kuma Fashoda a bakin kogin Nilu, amma ba su harba wa juna harsashi ba. Suka zauna, suka yi ciniki, suka rubuta. Tun 5 ga Agusta 1890 sun ja layi daga Sayi zuwa Baruwa, kuma Firaministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, da bakinsa ya amsa cewa suna kyauta wa juna duwatsu da koguna da ba su san inda suke ba. Da Faransa ta gano cewa bakan da aka zana a 1898 ya tura hanyarta daga Kwara zuwa Damagaram cikin jeji marar rijiya, ba ta ɗauki bindiga ba, ta koma kan tebur. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 ta bar fifikon da take da shi wajen kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can wajen Kanada, Ingila kuma ta matsar mata da iyakar zuwa kudu domin ta sami hanya mai ruwa. Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Tilho da O'Shee ya bi daji yana kafa turakun iyaka. Ta haka Maradi da Tasawa suka tabbata a ɓangaren Faransa, Katsina da Daura suka zauna a na Ingila. Manomin da turke ya raba gonarsa da garin kakanninsa, an yi musayarsa da kifin wani teku da bai taɓa jin sunansa ba. Darasin da ke cikin wannan yana da ɗaci amma yana da amfani: manyan ƙasashe sun san darajar doka da sasanci sarai, suna amfani da su a tsakaninsu, mu ne suka ware mana bakin bindiga. Mazhabar yarjejeniya suke bi a junansu, mazhabar zahiri suke bi a kanmu.

Za a iya cewa ba son doka ya hana su yaƙi ba, tsoro ne. Kowace ta san ɗayar za ta yi mata illa, ga kuma Jamus tana tasowa a bayansu, don haka sulhun 1904 shi ma lissafin ƙarfi ne. Na yarda da wannan, kuma shi ne ma ginshiƙin hujjata. Alkawari yana tsayawa a inda karya shi ke da tsada. Manya suna sa karya alkawari ya yi tsada da jiragen yaƙinsu, ƙanana kuwa ba su da wata hanyar sa shi ya yi tsada sai su taru su zama murya ɗaya, su kuma riƙe doka a junansu har ta zama al'ada. Tarihinmu na bayan 'yancin kai ya nuna hakan mai yiwuwa ne. A Alƙahira a 1964 ƙasashen Afirka suka amince su mutunta iyakokin da suka gada, duk da sun san yadda aka zana su, kuma wannan shawara ta hana yaƙe-yaƙe da yawa. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya a kan tsibirin Lete da ke cikin Kwara, har sun taɓa jan daga a farkon shekarun 1960, amma suka kai ƙara kotun duniya da ke Heg, ta yanke hukunci a watan Yuli 2005 ta ba Nijar tsibirin, Benin ta karɓa. Haka aka yi tsakanin Nijar da Burkina Faso a 2013. Najeriya, wadda ta fi Kamaru ƙarfi nesa ba kusa ba, ta bi hukuncin 2002 ta miƙa Bakasi. Idan da ƙarfi ne kaɗai ke magana a duniya, da babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai faru.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙorafin da ya fi wannan zafi, wanda matasan Damagaram da Yamai da Kano suke yi a yau. Suna cewa dokar duniya mayafi ce da manya ke yafawa idan za su yi ɓarna, kuma shaidarsu ba kaɗan ba ce. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya yi maganar ciniki ba shinge da kyautata rayuwar 'yan ƙasa, ya buɗe ƙofar mamaya. Yarjejeniyar Birasil ta 1890 an yi ta da sunan hana cinikin bayi, ta kuma taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a daidai lokacin da ake shirin yaƙarsu. Gwamnatin Faransa ta tura Kanar Klobb ya tsayar da ta'asar Voulet, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899, amma ƙasar da aka ci da wannan ta'asa ba a mayar wa masu ita ba. A zamaninmu an mamaye Iraƙi a 2003 ba da yardar Kwamitin Tsaro ba. A 2011 an ɗauki ƙudurin kare fararen hula a Libiya aka kifar da gwamnati da shi, makaman da suka watsu daga can kuwa Sahel ce ke biyan kuɗinsu da jini har yau. Ƙasashe biyar suna riƙe da ikon hawa kujerar na-ƙi, babu ta Afirka a ciki. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a lura, azzalumi ba ya wahalar da kansa wajen yafa mayafin da ba shi da daraja a idon jama'a. Jabun kuɗi yana tafiya a kasuwa ne saboda akwai na gaske, kuma wanda aka cuta da jabu ba ya ƙone na gasken da ke aljihunsa. Idan muka ce babu doka sam, me za mu kira abin da aka yi a Birnin Ƙonni? Kalmar zalunci kanta tana buƙatar ma'aunin da ke bisa ƙarfi. Wanda ya jefar da wannan ma'auni ya sallama wa mai bindiga hujja bayan ya sallama masa ƙasa.

Akwai kuma masu cewa hamayyar manya ita ce damar ƙanana: idan Faransa ta matsa sai a juya wa Rasha, idan Amurka ta gindaya sharaɗi sai a nemi Sin. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar wannan ra'ayi ya sami kasuwa. Sojojin Faransa kimanin 1,500 sun gama ficewa a Disamban 2023, masu horar da soja na Rasha sun sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a Agustan shekarar, an karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga kamfanin Orano, an mayar da kamfanin SOMAIR na Arlit mallakar ƙasa a 2025. Ƙasa tana da cikakken haƙƙin zaɓen abokan hulɗarta da neman farashi na adalci a kan yuraniyom da man feturinta, kuma samun masu saye da yawa ya fi a dogara da ɗaya. Amma wanda ya yarda da mazhabar zahiri wajen fassara halin Faransa dole ya yarda da ita wajen fassara halin Rasha da Sin da Turkiyya, domin mazhabar ba ta ware kowa ba. Babu wanda ke ƙetaro teku ko hamada da sojansa da kuɗinsa don Allah ya ba shi lada, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tarihi ya ƙara da gargaɗi na biyu: hamayyar manya tana ƙarewa, kuma ranar da suka sasanta, da kayan ƙanana suke biyan juna. Waɗanda suka kusa yaƙi a 1898 su ne suka murƙushe boren Satiru da Kobkitanda, kowa a ɓangarensa, a 1906, shekarar da Faransawa suka tuɓe Amadu ɗan Bassa bisa zargin shirya tawaye suka kai shi Kodebuwa, suka bar Damagaram babu Sarki har 1923. Da jagoran Buzaye Kawusan ya kewaye Agadas a ƙarshen 1916, daga Damagaram rundunar Faransa ta tashi, Ingilishi kuma suka turo dakaru daga Najeriya suka dafa mata. Wanda ya gina tsaronsa a kan faɗan manya ya yi gini a kan tudun yashi.

Ma'aunin kowace hulɗa da baƙo ba a fadar shugaban ƙasa yake ba, yana cikin unguwa. Tun watan Nuwamba 2011 matatar SORAZ ke aiki a arewa da Damagaram, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60 cikin ɗari, Nijar tana da 40. An shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar Benin, aka fara fitar da ɗanyen mai a 2024. Wannan ci gaba ne, ba a musunsa. Amma a Damagaram, garin da ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka kafa wajen ɗauke masa hedikwatar mulki zuwa Yamai a 1926, har yau idan bazara ta yi tsanani za ka ga layin jarkoki a bakin famfo tun kafin asuba, mai ga-ruwa yana tura kura cikin yashi, uwar gida tana lissafin ko ta yi wanki ko ta bar na sha. Ranar da aka ce an sauya abokin hulɗa, wannan mata tana da haƙƙin ta tambaya me ya sauya a randarta. Yarjejeniyar da aka ƙulla a ɓoye, wadda majalisa ba ta gani ba, 'yan jarida ba su iya tambaya a kanta ba, ita ce irin wadda baƙo ya fi so, ko daga yamma ya zo ko daga gabas. A nan masu mazhabar yarjejeniya suka faɗi abin da ba za a iya ture shi ba: shugaban da jama'arsa ke iya tuhumarsa ya fi wuyar saye, kuma ya fi ƙarfin baki a gaban baƙo, domin yana iya cewa mutanena ba za su yarda ba.

Abin da ya faru tsakanin Nijar da Najeriya a 2023 ya nuna iyakar mazhabobin biyu baki ɗaya. Ƙungiyar CEDEAO, da sunan kare tsarin mulki, ta rufe iyakoki ranar 30 ga Yuli ta kuma yi barazanar amfani da soja, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Kwangwalam da Ɗan Barto da Jibiya, kayan gwari suna ruɓewa a cikinsu, magani ya yi tsada, kuma waɗanda suka fi jin jiki ba su ne suka yi juyin mulki ba. Doka ce aka ɗauko aka yi aiki da ita ba tare da duban talaka ba, sai ta zama kashin dankali. Abin da ya taimaka wajen hana yaƙi wani ƙarfi ne da littattafan Turai ba su cika lissafa shi ba. Sanatocin arewacin Najeriya suka fito suka ƙi amincewa, malamai suka tafi Yamai, Khalifa Muhammadu Sanusi na Biyu tare da Sarkin Damagaram suka gana da jagoran juyin mulkin, Janar Abdurahaman Tiani, ranar 9 ga Agusta, a lokacin da manyan jakadu suka kasa ganinsa. Jikokin waɗanda suka gwabza a Gezawa ne suka ce ba za a sake ba. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025. Haɗin kan ƙasashen uku abu ne mai kyau gwargwadon yadda ya zama haɗin kai, amma Damagaram ta fi kusa da Kano sau uku da wani abu a kan kusancinta da Yamai, kuma duk tsarin da zai kafa bango a wannan hanya yana ƙarasa aikin da masu turakun 1906 suka fara ne.

Wani zai ce shigar da ɗa'a da addini cikin siyasar duniya mafarki ne na malamai. Al'adarmu ta ilimi ba ta taɓa zama mai rufe ido ga zahiri ba. Ibn Khaldun ya bayyana yadda dauloli ke tashi da ƙarfin zumunci da haɗin kai, su faɗi idan jin daɗi da zalunci suka cinye shi. Sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira lissafi ne mai zurfi na ƙarfi da lokaci, an karɓi sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi, amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cika su har sai da ɗaya ɓangaren ya warware. Tun kafin annabci ya halarci ƙawancen Hilful Fudul, inda wasu gidajen Makka suka yi rantsuwar tsaya wa duk wanda aka zalunta ko da baƙo ne, kuma ya yaba wa wannan ƙawance bayan zuwan Musulunci. A ƙasarmu, Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi da Muhammadu Bello sun yi ta musayar wasiƙu a kan halaccin yaƙar Barno alhali dakarunsu suna fuskantar juna, kowanne yana jin dole ya kafa hujja, domin sun yarda akwai hukuncin da ke bisa takobi. Malaman Sakkwato sun koyar da cewa zalunci shi ne abin da mulki ba ya ɗorewa a kansa. Wannan tafarki ya haɗa abu biyu da masanan Turai suka raba: a buɗe ido a tanadi ƙarfi, a kuma ɗauki alkawari a matsayin kaya da za a tambayi mutum a kansa gobe ƙiyama. Kuskuren mazhabar zahiri shi ne ta mayar da bayanin abin da ke faruwa ya zama izinin aikata shi. Kuskuren mazhabar yarjejeniya shi ne ta zaci rubutu a takarda yana tsare kansa da kansa.

Saboda haka, mu karɓi gargaɗin masu zahiri gaba ɗayansa: babu babbar ƙasar da ke ƙaunarmu fiye da maslaharta, tsohuwa ce ko sabuwa. Mu kuma ƙi fatawarsu cewa kowa tasa ta fisshe shi, domin ita ce kakanninmu suka bi aka ci su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara huɗu. Tanimu ya bar ganuwa da igwa, ba su kai shekara ashirin suna tsare garin ba bayansa, zumuncin Damagaram da Kano da Daura da Katsina kuwa ya haura shekara ɗari da turakun iyaka a tsakaninsa yana nan da ransa. Kira ga shugabanni a Yamai da Abuja, da sarakuna da malamai da 'yan kasuwa na ɓangarorin biyu, shi ne su bar hanyar nan a buɗe, su kai saɓaninsu gaban sulhu da shari'a, su bayyana wa jama'a duk abin da suka ƙulla da baƙo, kuma kada wani ya sake yarda a yi amfani da ƙasarsa wajen cutar da maƙwabcinsa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, ka kuma taimaka masa ya kashe tasa. Allah Ya ba shugabanninmu basirar gane hakan, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.